Asabar, daga Bishkek zuwa Almati

Yanzu ƙarfe 11 na dare agogon Almati ta ƙasar Kazakistan, a Bishkek ta ƙasar Kirgistan inda nake karatu kuwa har 12 ta yi, don tun 2024 da Kazakistan ta ja agogonta baya da awa ɗaya muka rabu da su a lokaci. Ina kwance a ƙasa kan katifar da abokina ya shimfiɗa min, ƙafafuna sai zugi suke amma dole na rubuta lissafin yau kafin ya gudu daga kaina.

Ina idar da asuba na kama hanyar tasha. Tafiyar bata kai kilomita 250 ba amma boda ce ke cin lokaci, a Kordai kowa sai ya sauko da jakarsa ya taka da ƙafa ya tsallake kogin Chu, a buga maka hatimi nan a buga can, sannan ka tsaya jiran motarku ta fito. Sai wajen azahar muka shiga tashar Sairan ta Almati. Na canza som ɗina, kuɗin Kirgistan, zuwa tenge na Kazakistan, kowane 1 ya bani kusan tenge 6, hannuna ya cika da takardu har naji daɗi, kafin la'asar na gane yawan ne kawai.

Dalilin zuwan dai, wata uku kenan abokina yana damuna in nemi canjin makaranta in dawo nan mu haɗa ɗaki. Nace masa bazan ce komai ba sai na gani da idona, don kuɗin da nake ci ba nawa bane, Baba ne ke haɗa naira a mayar dala, dala ta koma som kafin ta iso hannuna.

Mun fara da Koriyar Kasuwa, Zelyoni Bazar suke ce mata, bayan mun yi salla a babban masallacin dake kusa da ita. Na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta cefanen kasuwar Osh ta Bishkek a ciki ina bi layi layi. Gurasar tanda da fulawa da man girki, wlh tazarar bata taka kara ta karya ba, kuma ba mamaki tunda alkamar da muke ci a Bishkek ma akwai wadda daga nan Kazakistan take zuwa. Nama da kayan miya ne suka ɗaga. Wata tsohuwa mai tuffa ta yanka min ɓari ɗaya na aport, irin tuffar Almati, ja jawur ƙato kamar dunƙulen hannu, ta miƙo min a bakin wuƙa tana cewa ci ɗana ci. Na ci, na tambayi kuɗin kilo, na buga a waya na raba da 6, sai kawai na sayi guda biyu don kunya ta hana ni wucewa haka. Kuɗin bas kusan ɗaya ne da namu, ga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da suke da shi tun 2011 wanda mu bamu da shi, fetur ma yafi araha a nan don suna haƙo nasu, mu kuwa daga Rasha ake kawowa, to amma ni ina ruwana da fetur tunda ko keke bani da shi.

Haya ce ta kashe min jiki. Ɗaki ɗaya da kicin da banɗaki, bene na huɗu ba lifta, famfon kicin ɗin an ɗaure shi da roba yana ɗiga cikin kwano, kuma rabin da zan riƙa biya ya kusa kamo abin da nake biya ni kaɗai a ɗakina na Bishkek. A ƙasan gari ma kenan. Abokina yace min a nan duk yadda ka haura wajen duwatsu haka kuɗi ke haurawa, don iskar can tafi tsafta, hayaƙin hunturu a ƙasa yake taruwa. Namu garin ma haka ne, kudu tsada arewa hayaƙin kwal, sai dai tsadar tasu ta wuce tamu nesa ba kusa ba. Duka garuruwan biyu haya ta tashi tun 2022 da Rashawa suka kwararo.

Shi hujjarsa albashin Almati yafi, ga bankuna ga kamfanoni, duk da an ɗauke babban birni zuwa Astana tun 1997 kuɗin ƙasar a nan yake juyawa. Gaskiya ne, kuma shi yasa ƴan Kirgistan da yawa ke tsallakowa aiki. Nace masa ɗan uwa, wannan ai na mai karɓar albashi a tenge ne, ni dalar Baba ko a ina na sauke ta bata ƙaruwa. Yayi shiru, naga bai ji daɗi ba, nima ban ji ba don nasan kaɗaici ne ke damunsa, shi kaɗai ne mai jin Hausa a ajinsu.

Bayan isha na kira gida. Baba yace to yaya ka gani, nace Baba garin yayi kyau amma yafi ƙarfinmu. Yace kar ka duba ni, ka duba karatunka. Nasan tun bara bai gyara rufin shagonsa ba. Nace masa a Bishkek zan zauna, gobe in sha Allah motar 8 zan bi in koma.