Makonni shida ina zargin ɓerayen da ba su yi laifi ba

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwajin ɓeraye. Duk wanda ya yi zamani da ni a nan ya san labarin rukunin ɓerayen da ya ƙi jin tsoro, sai dai kowa daga bakin shugaban ɗakin ya ji shi.

Aikin da aka ba ni tsohon gwaji ne, wanda Estes da Skinner suka fara wallafawa a 1941. Ɓera mai jin yunwa yana danna maɗanni domin ƙwayar abinci, sai a kunna masa sauti, wutar lantarki ta ɗan ja shi a tafin ƙafa, kuma idan aka maimaita, sautin kaɗai ya isa ya sa shi ya ƙame ya bar dannawa. Da lissafin Annau da Kamin na 1961 muke auna wannan tauyewa: a raba dannawar lokacin sauti da jimlarta da ta lokacin da ya gabace shi. Sifili na nufin ɓera ya tsaya cak, 0.5 kuwa na nufin ko a jikinsa.

Ɓerayena goma sha shida a kusa da 0.5 suka kafe. Sautin zai tashi, ɓera ya ɗaga kunne, ya ci gaba da abin da yake yi. Akwai kuma wani abin da na gani na rubuta a littafina na wuce: tun kafin a kunna komai suna lafewa a kusurwar akwatin gwaji, dannawarsu ta ragu ƙwarai, farantin ƙasa kuma yana cika da kashinsu fiye da na sauran rukunoni. Shugaban ɗakin ya ce riƙon da nake yi musu ne yake firgita su. Ya sa na sauya lasifika, na gwada jinsu, na sake auna nauyinsu, sannan a gaban kowa ya ce watakila aikin dabbobi bai karɓe ni ba.

A mako na shida, da daddare, na buɗe ɗanyen bayanin da kwamfuta take ajiyewa, inda take rubuta daƙiƙar kowane abu. Nan na ga wuta tana jan ɓerayen a lokutan shiru ma, kuma yawanta daidai yake da na lokacin sauti. Wani layi ne ya rage a cikin manhajar jadawalin daga wani tsohon gwaji. Ashe ban sani ba na maimaita aikin da Robert Rescorla ya wallafa a 1968. Shi ya tsayar da yiwuwar jan wuta a 0.4 cikin sautin minti biyu, ya riƙa sauya yiwuwarta a lokacin shiru daga sifili zuwa 0.1, 0.2 da 0.4. Sauti da wuta suna haɗuwa daidai wa daida a dukkan rukunonin, amma tauyewar tana raguwa gwargwadon yadda wutar lokacin shiru take ƙaruwa, har ta kusan ɓacewa inda yiwuwar biyu suka zo ɗaya. Haɗuwar sauti da wuta ba ta wadatar ba, sai sautin ya faɗa wa dabbar abin da shiru bai faɗa mata ba. Bisa tsarin da Rescorla da Wagner suka fitar a 1972, akwatin kansa ne yake kwashe tsoron, ya bar sautin hannu wofi. Lafewar nan a kusurwa ita ce amsar, tana cikin littafina tun makon farko.

Laifina na amsa shi: na dogara da lissafin ƙarshe, ban duba ɗanyen bayani ba, alhali dannawa biyu kafin sauti da biyu a lokacinsa 0.5 suke bayarwa kamar yadda sittin da sittin suke bayarwa. Amma manhajar ta babban ɗalibin shugaban ɗakin ce, kuma shi shugaban ne ya ce kada in taɓa ko harafi a cikinta. Da na nuna masa layin, sai ya ce abin sha'awa ne, bai kuma taɓa maimaita maganar a taron mako ba.

Ga wanda zai gaje ni, ya duba yawan dannawar kafin sauti kowace rana. Kada ya gwada lasifika alhali ɓeraye suna cikin akwati, domin alamar da dabba ta saba da ita ba tare da wani sakamako ba tana jinkirin koyuwa, kamar yadda Lubow da Moore suka nuna a 1959. Ya kuma karanta kowane jadawali da idonsa, ko da wa ya rubuta shi.

Bayanan ɓerayen nan goma sha shida su ne yanzu rukunin kwatance, wato wanda ake auna sauran rukunoni da shi, a takardar da ake shirin aikawa mujalla. Sunana yana cikin sashen godiya, a layin ƙarshe.