Talata a Makka: tsayin teburin injin ƙusa

Yau har aka kira azahar ba mu haɗa bel ko ɗaya ba, a kan teburi muka ƙare. Aikin Hajji na matsowa, masu shaguna suna ta neman bel ɗin ihrami, kuma alhazai da yawa sun fi son wanda aka haɗa da ƙusa, wato ɗan ƙarfen da inji ke matsewa ya riƙe bel ɗin, maimakon ɗinki. Kowace ƙusa sai an ja hannun injin ƙasa da ƙarfi kafin ta kama. Mutum ya wuni yana wannan ja, da dare ƙugu da kafaɗa za su gaya masa.

Teburin da muka gada a shagon santimita 75 ne, tsayin teburin rubutu. In ka tsaya sai ka sunkuya a ƙarshen kowane ja, in ka zauna hannun injin ya riƙa dukan gwiwa. Shi ya sa na kira Kawu kafinta, dattijon Sakkwato da ya daɗe a nan Shari'a Mansur.

Ko kallon katako bai yi ba da farko. Cewa ya yi, "Alhaji, miƙe sosai, saki kafaɗa, lanƙwasa hannu." Ya ja tef daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna, ya samu santimita 108, da takalmin da nake aiki da shi. Ya ce aikin tsaye mara nauyi ana sa shi ƙasa da gwiwar hannu da kamar santimita 10 zuwa 15, wanda ake dannawa da ƙarfi kuwa a ƙara saukar da shi, domin nauyin jiki ya taya hannu. Amma injin nan yana da nasa tsayin. Wurin da ƙusa ke zama yana sama da fuskar teburi, hannunsa kuma yana sauka ƙasa da bakin teburin. Don haka abin dubawa shi ne inda tafinka ke tsayawa in hannun ya kai ƙarshe. In bayanka ya lanƙwashe a nan, teburi ya yi ƙasa. In kafaɗarka ta ɗaga lokacin da za ka kamo hannun daga sama, ya yi tsayi.

Sai ya ɗora injin a kan guntayen katako, yana ƙarawa yana ragewa, ni ina ja, shi ya tsuguna a gefe yana kallon bayana kamar mai sayen rago. A 90 muka tsaya. Nan ne na ji ja ya tafi sumul, idona kuma yana ganin kan ƙusar ba tare da na miƙa wuya ba.

Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki ya ce, "Baba, ni fa?" Gaskiyarsa, da ƙyar ya kai kafaɗata. Kawu ya ce tebur na dogo ne, gajere dakali ake yi masa, domin babu yadda za a haƙa wa dogo rami a shagon haya. Ya buga masa na katako mai santimita 10, mai faɗi yadda ƙafa ba za ta zame ba. Na ji daɗin haka ƙwarai. Yaron nan yanzu ƙashinsa ke ƙwari, ba na son sana'ata ta bar masa ciwon baya.

Yaron ne ma ya nuna mana a waya cewa a Amurka maharba na sake cika kwanson harsashi a gida da inji mai hannu irin namu, kuma masu aiki a tsaye sukan yi teburinsu daga inci 36 zuwa sama, wato kusan santimita 91. Kawu ya duba ya ce ashe ba mu yi nisa da su ba.

Bayan la'asar ya kafa injin daidai saman ƙafar teburi, da noti huɗu, sannan ya ɗaure teburin da bango. Ya ce tebur mai rawa yana cinye rabin ƙarfinka, ƙusa kuma ta fito a karkace. Zuwa magariba mun cika kwali guda.

Abu ɗaya ya rage. Da injin ya ɗaga, inuwarsa ta faɗa daidai wurin ƙusa. Gobe in Allah ya kai mu zan sayo ƙaramar fitila a maƙala ta hagu.