Taki Ba Ya Shiga Jikin Shuka Sai Ya Narke

Ƙannena masu shirin shiga noman rani, kafin ku sayi buhun taki na farko ina so ku san yadda shuka take sha. Duk abin da zai shiga jikinta sai ya narke cikin ruwa tukuna, kuma ba ta kaurin saiwar nan da ido ke fara gani yake shiga ba. Ku tuge ɗan tsiron masara a hankali, ku duba dab da tsinin saiwarsa. Za ku ga wani farin gashi siriri ƙwarai, ƙasa ta manne masa. Wannan gashin ne ke shan ruwa da sinadaran ƙasa, kuma bai da ƙwari ko kaɗan.

Shekarar da na fara noman tattasai a fadamar garinmu ban san da wannan ba. Da na ga ganye ya fara yin rawaya sai na ɗebo yuriya cike da tafin hannu, ina zubawa a gindin kowace shuka, ga ƙasa a bushe ƙamas. A ganina alheri nake yi musu. Ba a jima ba suka yi yaushi, bakin ganyen ya ƙone.

Ga abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa yana ratsa fatar gashin saiwa ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. A ƙa'ida ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa sinadari, shi ya sa danshi ke shiga da kansa. To takin zamani, kamfa ne ko yuriya, in ya taru wuri ɗaya cikin ɗan danshi kaɗan, sai ruwan ƙasa ya fi na saiwa kauri, lamarin ya juye, ƙasa ta koma tsotse shuka. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga ruwa na tsattsafowa, ya riga ya ga wannan da idonsa. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, ba abin zubawa da ka ba ne.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, don da shi na ƙarasa su. Ganin yaushi sai na ce ƙishirwa ce, na saki ruwa ya kwanta a komaye, kullum ina ƙarawa. Ashe saiwa tana numfashi. Ruwa kan shiga da kansa, amma yawancin sinadarai sai saiwa ta sa ƙarfi ta jawo su, ƙarfin nan kuma ba ya samuwa sai da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ruwa ya cike wuraren iskar, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa, shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa. Kada ku kwatanta da shinkafa, ita tana da hanyoyin iska a jikinta daga ganye har saiwa. Tattasai da tumatir da attarugu ba su da wannan.

Saboda haka in kun ga yaushi, ku tura yatsa cikin ƙasa kafin ku taɓa injin ban ruwa. In da laima, ku dakata har yamma. Mafi yawan ruwan da saiwa ta sha ta ganye yake fita, kuma da rana tsaka fitar takan fi shigar, sai shuka ta langwaɓe ta kuma miƙe in rana ta yi sanyi.

Taki kuma a sa shi bayan ban ruwa ko saukar sama, a tona ɗan rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindi, a rufe. Yuriyar da aka bari a fili wani kasonta iska ke kwashewa. Sufa kuwa, wato takin fosfet, ba ta tafiya nesa cikin ƙasa, gara ta shiga tun lokacin shuka, inda saiwa za ta tarar da ita. A Nijar, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun gwada sa wa kowane ramin gero cikin murfin kwalba ɗaya na taki, kimanin giram 6, amfanin gona ya ƙaru. Ni wannan ya fi kwanta mini da watsa buhu a gona, musamman da tsadar takin yanzu.

Ranar dashe ku fara jiƙa wurin reno sosai, ku ɗago kowane tsiro da ƙasarsa. Kada ku fizge shi, kada ku kakkaɓe, don gashin nan ne ke tsinkewa. Ku bari sai bayan la'asar, ku dasa, ku danne ƙasa kaɗan ta haɗu da saiwa, ku ba da ruwa nan take. Taki ya jira har sai kun ga sabon ganye ya leƙo.