Darajar Rai da Yarinyar da Ta Daina Zuwa Coci

Katolikan arewacin Najeriya ba sa bukatar dogon bayani a kan darajar ran ɗan Adam, domin a shekarun nan mun tsaya a bakin kaburbura fiye da yadda zuciya za ta iya ɗauka. A ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin Santa Teresa da ke Madalla a daidai lokacin da masu ibada ke fitowa, kuma Fada Isaac Achi, wanda yake limamin cocin a wancan lokaci ya kuma tsira, shi ne 'yan bindiga suka ƙona a gidansa da ke Kafin Koro a watan Janairun 2023. A Mbalom ta jihar Binuwai an kashe Fada biyu tare da masu ibada suna cikin Mas ɗin asuba a watan Afrilun 2018. A farkon 2020 an sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna, uku suka dawo da rai, Michael Nnadi mai shekara 18 kuwa sai gawarsa. A Larabar Toka ta 2020, ranar da muke fara azumi, bishof-bishof ɗinmu suka ce mu sa baƙaƙen kaya, muka sa, kuma babu wanda ya tsaya tambayar dalili.

Sai dai koyarwar Ikilisiya a kan rai ba ta tsaya ga waɗanda aka kashe mana ba. Paparoma John Paul na Biyu, wanda dattawanmu ke tuna zuwansa Kaduna a watan Fabrairun 1982, ya fitar da wasiƙarsa mai suna Evangelium Vitae a ranar 25 ga Maris, 1995, ranar da muke tuna albishir ɗin da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Ya gina farkonta a kan labarin Kayinu da Habila, da tambayar da Allah ya yi wa Kayinu game da inda ɗan'uwansa yake, sannan ya tabbatar da cewa rai mai tsarki ne tun daga shigar ciki har zuwa ranar da Mai shi zai karɓi abinsa. A 2018 Paparoma Francis ya ƙara gaba, ya sa aka gyara littafin koyarwar Ikilisiya domin ya bayyana cewa hukuncin kisa ba abin yarda ba ne. Na sha ganin yadda fuskoki ke sauyawa a coci idan Fada ya taɓo wannan batu, kuma ba na ganin laifin wanda aka kashe wa ɗan'uwa a gona idan maganar ta yi masa ɗaci. Amma ba wannan ne wurin da na fi ganin rauninmu ba. Rauninmu yana ga yadda muke yi da yarinyar da ta yi ciki ba ta da aure.

Duk wanda ya tashi a farish, wato jama'ar cocin da Fada ke kula da ita, ya san yadda abin ke tafiya. Da farko za a ga wurin zamanta a cikin mawaƙa babu kowa, sai raɗe-raɗi su fara zagawa a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi daga Mas, daga nan a ji an cire sunanta daga ƙungiyar matasa, uwarta kuma ta koma zama a kujerar baya tana fita kafin a sa albarka. A wasu wuraren akan ce sai ta yi wata da watanni ba ta karɓi Jibin Ubangiji ba, ko a riƙa yi wa jaririn ja-in-ja a kan baftisma. Saurayin da ya yi cikin kuwa yana nan yana buga ganga ranar Lahadi, ko a ce ya tafi Abuja neman aiki, shi ke nan maganarsa ta wuce.

Abin da nake so mu duba da idon basira shi ne saƙon da wannan hali ke aikawa ga ƙannenta da suke kallo. Ciki shi kaɗai ne shaidar da ido ke gani. Yarinyar da ta lallaba wurin mai kemis a bayan kasuwa ta sha ƙwaya, ko ta haɗiyi wani haɗin da ƙawa ta kawo mata, idan Allah ya sa ta rayu, za ta dawo ta sa farin mayafinta ta shiga layin Jibi babu mai ce mata uffan. Wadda ta ji tsoron Allah ta bar cikin kuwa ita ce ake nunawa da baki. Ke nan da bakinmu muna wa'azin cewa zubar da ciki kisan kai ne, da halinmu kuma muna koya wa yara cewa shi ne hanyar rufin asiri. Dokar ƙasa ma, a Arewa da Kudu, ta hana zubar da ciki sai domin ceton ran uwa, amma hanin bai rufe ɗakunan bayan kemis ba, ya dai sa abin da ake yi a cikinsu ya zama a ɓoye, shi ya sa ake kai yara asibiti a makare, jini ya riga ya ƙare, iyaye kuma su ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Wasiƙar 1995 ba ta ɗora nauyin a kan mace ita kaɗai ba, ta ambaci uban cikin da ya gudu ya bar ta, da dangi da abokai da suka matsa mata lamba, kuma ina ganin farish da ya mayar da kunya makami ya shiga wannan jeri ko ya so ko ya ƙi.

Na ga akasin haka da idona, shi ya sa na san ba abin da ya gagara ba ne. Wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, mahaifinta ya watso mata kaya waje da daddare, ba ta da inda za ta sai ƙofar Uwar Zumunta, shugabar ƙungiyar matan coci, tsohuwar da ke sana'ar ƙosai a bakin titi. Tsohuwar ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta, da gari ya waye ta ɗaura zanen Zumunta kamar mai zuwa taro, ta nufi gidan uban. Ya ce mata, “Mama, yarinyar nan ta zubar mini da mutunci a gari.” Ta ce, “Ƙanena, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan ba za ka iya ganinta yanzu ba, tana wurina, amma kuɗin awo kai za ka biya, ba ni ba.” Bai amsa ba a ranar, amma kafin mako ya zagayo ya aiko da kuɗin ta hannun matarsa. Da naƙuda ta zo da matsala aka ce sai tiyata kuma sai an sami jini, Baba Katikis ne ya bi samarin coci gida-gida da fitila a hannu har aka sami biyu da jininsu ya dace. Matan Zumunta suka yi mata jego kamar kowace mai haihuwa, wannan ta kawo itace, waccan sabulu, wata gero na kunun kanwa, ana tafasa ruwan wanka tun da asuba. Babu wanda ya ce abin da ta yi daidai ne, ita kanta ba ta ce ba, kuma ta je ta yi ikirarin zunubi a gaban Fada kafin ta haihu. Uban ya zo ranar baftisma, ya tsaya daga can baya, amma ya zo.

Dattawan da ke adawa da irin wannan sassauci suna da hujjarsu, kuma ba na raina ta: suna cewa idan aka daina tsanani, sauran yara za su ɗauka abin ba komai ba ne. Amsata ita ce tsananin da muke yi shekara da shekaru bai rage cikin ba, ya rage waɗanda ake bari su kai haihuwa ne kawai. Ban da haka, ba Ikilisiya ce ta sa mu ba. Dokarta a kan baftismar jariri tana neman yardar iyaye, ko ɗaya daga cikinsu, da kyakkyawan zaton cewa za a rene shi cikin bangaskiya, ba ta neman takardar aure. A watan Disambar 2023 ofishin kula da koyarwa na Vatican, a amsar da ya ba wani bishof na Jamhuriyar Dominika, ya ce a ƙarfafa wa matan da suka haihu ba aure gwiwa su kusanci Jibi idan sun yi ikirari. Ita ma wadda ta riga ta zubar ba a rufe mata ƙofa ba, domin tun 2016 Paparoma Francis ya bai wa kowane Fada izini na dindindin ya warware wannan zunubi ga mai tuba. Abin da muke yi a ƙarƙashin bishiya al'adarmu ce muka lulluɓa mata rigar addini.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi, wanda ba a son taɓawa a taron majalisar farish. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma yawancin irin wannan mutuwa na zuwa ne daga zubar jini da hawan jini da jinkirin kaiwa asibiti, abubuwan da mota ɗaya da ledar jini ɗaya kan iya tarewa. Waɗannan matan aure ne da marasa aure, Kirista da Musulmi. A lokaci guda, idan godiyar kaka ta zo muna tara kuɗi masu kauri, mu yi gwanjon doya da awaki, kusan duka su tafi ga gini, akwatin ƙungiyar Vincent de Paul mai kula da matalauta kuwa sai canjin da ya rage a aljihu. Ba na ƙin gini, kuma katanga a zamanin nan ita ma kare rai ce. Amma mun ga abin da Bishof Stephen Dami Mamza ya yi a Yola, inda ya buɗe harabar babban cocin Santa Teresa ga waɗanda suka gudo wa Boko Haram a 2014, daga baya ya gina musu gidaje 86, ya haɗa da coci da masallaci, domin a cikinsu akwai Musulmi. Idan dayosis, wato yankin da bishof ke shugabanta, ya iya wannan, farish ba zai kasa kuɗin awon mata goma ba.

Abin da nake nema a namu farish ba shi da yawa. A ware kaso sananne daga kuɗin godiyar kaka domin masu ciki da masu jego, a damƙa shi ga matan Zumunta, tunda su ne suka san gidan da ake kwana da yunwa. A rubuta sunayen matasan da suka yarda su ba da jini tare da rukunin jinin kowa, a ajiye takardar a wurin katikis, a kuma yi magana da mai mota ko mai Keke Napep guda da za a iya bugawa waya da tsakar dare a biya shi daga baya. Idan yarinya ta haihu, wani daga majalisa ya raka ta makaranta a roƙa mata komawa aji. Idan kuma za a kira ta gaban dattawa, to, a kira saurayin da iyayensa a zama ɗaya, a rubuta abin da zai riƙa bayarwa na abinci da magani. Zan kai wannan gaban majalisa a zamanta na gaba, kuma na san tambayar farko da ma'aji zai yi ita ce daga wane aiki za a cire kuɗin. Zan ce masa daga na tayil ɗin da aka shirya shimfiɗawa a harabar coci bana.