Talata, aikin dare a ɗakin haihuwa

Ruwa aka kwana ana yi, hanyoyin ƙauye duk sun zama taɓo. Ƙarfe biyu da kwata aka shigo da wata mata a bayan a-kori-kura. Haihuwarta ta bakwai, a gida ta sauka, jini ya ƙi tsayawa. Zani uku ta jiƙa kafin su iso. Awon jininta 80 bisa 50, bugun zuciya 128, tafin hannu fari fat.

Mu huɗu ne a bakin aiki, har da ɗaliba. Sista babba ba ta taɓa cewa "a kawo ruwa". In aka ce "a kawo", kowa sai ta zaci wata ce za ta kawo. Suna take kira: wance ki murza mahaifa, wance ki sa kanula biyu (robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa), ke kuma riƙe agogo da biro. Wadda aka ba aiki ta maimaita da ƙarfi, in ta gama ta ce ta gama. Shi ya sa ɗakin ba hayaniya.

Mahaifar ta saki, laushi tiɓis. Ungozoma na murzawa, aka sa robar fitsari, don cikakkiyar mafitsara kan hana mahaifa tsukewa. Jijiyoyi sun ɓuya, sai da hasken waya aka samu guda, aka sa kanula mai lamba 18, ruwa ya fara gudu. Oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, yunit 10. Wanda ke kan tire tun la'asar yake waje, Sista ta ce a bar shi, a ɗauko na firjin sola. Maganin nan sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so. In zafi ya dafa shi, za ki yi allura ki zauna jiran abin da ba zai zo ba.

Tranexamic acid, maganin rage zubar jini, giram 1 ne, a hankali cikin minti 10, kuma amfaninsa cikin awa uku da haihuwa yake. Aka tambayi surukar.

"Inna, ƙarfe nawa ta haihu?"

"'Yar nan, lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita."

Sai wayar mijin aka duba: ɗaya da minti goma ya kira direba. Muna cikin lokaci.

Hannun ɗalibar na rawa, kwalbar maganin ta suɓuce ta fashe. Sista ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ɗauko wata, ƙanwata." Na ga wuraren da tsawa ake yi a irin wannan, kuma yarinyar da aka yi wa tsawa ba ta ƙara moruwa a daren.

Jini ya ragu amma bai ɗauke ba. Da aka duba, guntun mabiyiya ne ya maƙale. Likita ya iso ya fitar, mahaifa ta dunƙule kamar dutse. Sai rigimar ƙarin jini: ƙannen mijin biyu suka noƙe, ba sa son ba da nasu, wai za su rasa ƙarfin noma. Mai gwajin jini ne, da aka taso daga barci, ya lallashe su. Leda biyu aka samu.

Da asuba awon ya koma 100 bisa 65, ta nemi a ba ta jaririnta. Muka haɗa shayi a butar lantarki, Sista ta sa ɗalibar ta karanto lokutan da ta rubuta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ta tsallake. Kafin masu aikin safe su zo muka sake cika akwatin gaggawa. Kanula mai lamba 16 ta ƙare, an rubuta wa sito.