Wata na huɗu da lofe: filek ɗin Bajiniya uku da harshen da na ƙona

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Jadawalin da na rubuta a littafina watan jiya na cewa wannan tabar ta fi waccan, na yage shi, domin ashe duk tsawon lokacin ba tabar nake ɗanɗanawa ba, ƙonannen harshena nake ɗanɗanawa. Sai da na yi kwana biyar ban taɓa lofe ba, ko shayi mai zafi ba na iya kurɓa, sannan na dawo na fara daga farko.

Gwangwanaye uku ne dai a hannuna, kowanne giram 50: Orlik Golden Sliced, Capstan mai shuɗin gwangwani, sai Samuel Gawith Full Virginia Flake wadda a gaskiya ba ta cikin masu haske sosai, ta fi duhu, na sa ta ne don in samu abin aunawa. Ga sabbin shiga, filek ganyen taba ne da aka danne ya zama curi kamar bulo, aka bar shi ya kwana biyu a matse, sannan aka yayyanka falle-falle kamar kilishi. To shi ganyen Bajiniya, irin tabar da ta ci sunan jihar Bajiniya ta Amurka, mai launin ɗorawa, da zafin bututu ake busar da shi cikin kamar mako guda, hayaƙi ba ya taɓa shi, shi ya sa sukarin cikinsa ba ya gudu, saɓanin tabar Burley da ake shanyawa a iska har sukarin ya kusa ƙarewa. Wannan sukarin shi ne daɗin kuma shi ne bala'in, in ka yi ta zuƙa da sauri kamar mai hura wutar murhu, zafi yake yi ya gasa maka baki. Labarin asalinsa ma abin mamaki ne, a 1839 a gundumar Caswell ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka wani bawa mai suna Stephen, a gonar Abisha Slade, barci ya ɗauke shi yana gadin rumbun busar da taba, ya farka wuta ta kusa mutuwa, ya kwaso gawayi ya zuba, zafin ya tashi lokaci guda ganyen ya fito rawaya shar. Sunan Bajiniya, haihuwar Karolina.

Abin da na canja guda uku ne, shanya da saurin zuƙa da yadda nake cusawa, amma na farkon ya fi komai. Shanya. Da ina buɗe gwangwani in cusa kai tsaye da danshinta, tururi ya haɗu da zafi, ka ga an gama da harshe. Yanzu falle ɗaya nake cirewa in ɗora a kan farar takarda in jira. Kuma a nan hunturu ya koya min darasi, don shawarwarin da Turawa ke bayarwa na a bar ta awa ɗaya ko biyu, na ƙasarsu ne mai laima, ni a wannan iskar minti goma Orlik ta isa, ranar da na manta na tafi kasuwa na dawo na tarar ta zama ƙarmami tana karyewa a hannu, na sha ta haka nan ba ɗanɗano sai zafi. Ragowar duk na juye a kwalabe masu murfin roba, gwangwani in an buɗe shi ba ya riƙe danshi a wannan yanayin ko na mako biyu.

Orlik ɗin, wadda ake yi a Denmak, mai hoton alƙali da gashin kotu a jan gwangwani, ita ce mafi sauƙin hali. Kana buɗewa ƙamshin harawa sabuwar ɗauri da ɓawon lemo. A lofe ma haka, sama-sama tsami kaɗan kamar ka murza ɓawon lemun tsami a yatsa, zaƙin siriri ne ba ya cika baki. An ce akwai ɗan Perique, wata taba mai yaji ta jihar Luwiziyana a Amurka, a ciki, ni dai har yau ban kama shi ba, wani lokaci can ƙasan tukunyar lofen, wato inda ake cusa tabar, nakan ji wani ɗan yaji-yaji amma ba zan rantse ba.

Capstan kuwa, tsohon suna ne na kamfanin Wills na Bristol a Ingila, ita ta ba ni mamaki. Da ita ce ta ƙarshe a jadawalina, na rubuta wai iska ce kawai mai zafi. Da na rage gudu, ina ɗan tsotsa kamar mai shan kunu da zafinsa, hayaƙin siriri har kamar wutar za ta mutu, sai ga ƙamshin ɓawon burodi da aka fito da shi daga tanda, daga tsakiya kuma wani zaƙi mai nauyi kamar busasshen dabino. Rabin farko ba wani abin a zo a gani, rabin ƙarshe ne ake biyan kuɗin. Yanzu ita ce ta ɗaya a wajena, Orlik ta safe ce, ita kuma ta bayan an ci an ƙoshi.

Ta Samuel Gawith, 'yan garin Kendal na Ingila da ke kan sana'ar tun 1792, ba zan yanke mata hukunci ba tukuna. Da kaurinta take zuwa da danshi sosai, ko a hunturu tana cin minti arba'in, kuma ashana nawa na ƙarar kafin ta kama sai Allah. Sau biyu kawai na dace, na ji zaƙi mai duhu kamar mazarƙwaila, kuma ta fi sauran ƙarfi, ranar da na sha da yunwa jiri ya kwashe ni sai da na kwanta. Taba ce fa, ko ba ka haɗiye hayaƙin ba baki da maƙogwaro suna ɗaukar rabonsu, wanda bai fara ba ban ce ya fara don ya karanta wannan ba.

Batun cusawa, naɗe fallen biyu a tura shi a tsaye ya fi daɗewa yana ci kuma ya fi sanyi, amma ni sau da yawa nakan matse shi da yawa iska ta ƙi wucewa. Murjewa a tafin hannu ta fi min sauƙi. Yanka shi ƙanana kamar ƙwayar masara a zuba ba dannawa, wannan shi ya fi yi wa ta Gawith. Duka a lofe ɗaya na totuwar masara nake gwadawa, ƙirar kamfanin Missouri Meerschaum, don kar bambancin tukunya ya ruɗe ni, ina goge shi in bar shi ya huta kwana ɗaya tsakani.

Na rufe rabin Capstan a ƙaramar kwalba na manna takarda da kwanan wata, ba zan buɗe ba sai bayan wata shida in ji ko da gaske zaƙin na ƙaruwa da ajiya. Wanda ya taɓa kama Perique ɗin nan a Orlik don Allah ya faɗa min a wane gurbin tukunya yake fitowa.