Samudawan Turai da hawan sallar garuruwanmu

A wasu garuruwan Beljiyam da arewacin Faransa akwai wata al'ada da ta doshi shekara ɗari biyar, wani wurin ma ta haura, inda ake fito da samudawan mutum-mutumi a zaga gari da su cikin kiɗa da bushe-bushe, jama'a na biye. Gangar jikinsu saƙa ce irin ta kwando wadda aka lulluɓe da tufafi, ƙarti kuma su shiga ƙarƙashi su ɗauka, su yi tafiya har su taka rawa da su. A garin Douai na Faransa, babban cikinsu da ake kira Gayant tsayinsa mita takwas da rabi ne, nauyinsa kilo 370, kuma mutum shida ke ɗaukarsa. Masu saƙar kwanduna na garin ne suka fara yin sa a 1530, da shekara ta zagayo masu sayar da kayan marmari suka yi masa mata. A 2005 hukumar UNESCO ta ayyana wannan al'ada cikin fitattun kayan gadon ɗan Adam, a 2008 kuma ta shigar da ita babban kundinta na al'adun gargajiya na duniya, garuruwan ƙasashen biyu a haɗe.

Ba kira nake yi a kawo mana mutum-mutumi Jigawa ba, domin addininmu da tarbiyyarmu ba su bar mana wannan ƙofa a buɗe ba, kuma ba mu rasa abin da za mu fitar ranar biki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda abin da aka yi da saƙa da ƙyalle ya kai waɗannan shekaru bai mutu ba, alhali an sha kashe shi. Shugabannin coci sun hana fitar da Gayant a 1770, bai sake fitowa ba sai 1801. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun lalata shi, mutanen garin suka sake yin wani. Ke nan wanda ke yawo a titi yau ba shi ne na 1530 ba, amma ba wanda zai ce al'adar ta yanke, tunda ba a taɓa rasa hannun da ya iya saƙar ba, ba a kuma rasa kafaɗar da ta yarda ta ɗauka ba. Haka abin yake a garin Dendermonde na Beljiyam, inda ƙaton dokinsu na katako ba ya fita sai bayan shekara goma-goma, ƙungiyar masu ɗaukarsa kuma tana nan a tsakani tana horar da sababbin ƙarti. Annobar korona ta hana fitar 2020, suka jira har 2022 suka yi abinsu.

A ƙasar nan ma muna da irin wannan samudawa, wato dodon Ijele na ƙasar Ibo a jihar Anambra, wanda ya shiga kundin a 2009. Tsayinsa ya kai mita huɗu, kuma maza da dama ne ke shafe watanni suna haɗa shi. Mu kuwa a nan abin da muke fitarwa a zaga gari da shi doki ne da mahayinsa. A watan Disambar 2024 aka sa hawan sallar Kano a wannan kundi, bayan bikin kamun kifi na Argungu da ya shiga tun 2016, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san an yi abin da ya dace. Sai dai ƙaramar sallar da ta biyo baya, ta 2025, ba a yi hawan ba, saboda jami'an tsaro sun hana shi a kan rikicin masarauta. Takardar UNESCO tana nan, amma ba ta ɗaura wa ko doki ɗaya sirdi ba.

Damuwata ba ta birni ba ce sosai, domin birni yana da masu kuɗi da masu faɗa a ji, kuma duk ranar da aka buɗe hanya dawaki za su fito. Damuwata ita ce ƙananan garuruwa irin namu, waɗanda su ne ke ciyar da hawan birni. Idan sarki zai hau a Hadeja ko Gumel ko Kazaure ko Ringim ko Dutse, hakimi ne ke zuwa da jama'arsa, jama'ar hakimi kuwa dagatai ne da masu unguwanni da manoman da suka ɗaure doki a turke shekara guda suna ba shi harawa da dusa da kanwa. Wannan gindin ne yake zaizayewa a hankali. Saurayin da ya sayar da riɗinsa ko zoɓorodonsa babur zai saya, kuma ban ga laifinsa ba, domin babur yana kawo kuɗin cefane, doki kuwa ci yake yi dare da rana. Dokin ma idan an same shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kayansa su ne aiki.

A bakin kasuwarmu akwai wani dattijon baduku wanda shi kaɗai ya rage da ya iya gyaran sirdi da ɗinkin kayan doki a duk ƙasar hakiminmu. Na same shi yana gyara wani tsohon lifidi da asu ya ci, ya shimfiɗa shi a kan tabarma yana cusa audugar rimi gida-gida da ɗan tsinke, yana bin kowane gida da zare ya rufe, idonsa dab da ƙyallen saboda ganin ya ragu. Na ce masa, "Baba, a cikin yaran nan wa kake koya wa?" Ya ce, "Malam, wa zai zauna? Aikin da sai sallah ake tuna ka, sallar ma sai ana gobe hawa a zo ana haɗa ka da Allah." Jikokinsa biyu suna gefe suna ɗinkin takalman roba, domin nan ne kuɗin yau da gobe yake. Ranar da wannan dattijo ya kwanta dama, lifidin da ke fadar hakimi zai zama kayan kallo a ɗaki, kuma ko an kira mai ɗaukar hoto ya ɗauka daga kowane ɓangare, hoton ba zai nuna wa kowa yadda ake cusa audugar ba. Abin da ya samu baduku shi ya samu maƙerin linzami da likkafa, da mai busa algaita wanda ɗansa ya gwammace ya saka waƙa a lasifika.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci daga garin Ath na Beljiyam, inda suke fitar da mutum-mutumin Jaluta da na matarsa a ƙarshen watan Agusta. A da, a cikin jerin gwanonsu akwai wani Bature da ake shafa wa baƙin fenti a ɗaura masa sarƙa, ana nuna shi a matsayin mutumin daji. Baƙaƙen fata da masu kare haƙƙinsu suka yi ta kuka, masu garin suna cewa gado ne, har a watan Disambar 2022, a taron da aka yi a Rabat ta Maroko, aka cire bikin Ath daga kundin. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin abin da aka ce na kowa ne bai kamata ya zama wurin da ake wulaƙanta wani ba. Mu ma ya kamata mu duba namu da idon basira. Tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi, yana cike da hikima da gyaran hali, kuma wasan da ke tsakanin taubasai ko tsakanin Fulani da Barebari yana ƙara zumunci ne saboda kowane ɓangare yana ramawa ana dariya. Amma akwai wasan da ake kwaikwayon gurgu ko makaho ko baƙon da bai iya Hausa ba, wanda ba shi da bakin ramawa, kuma barin irin wannan ba zai rage wa tashe komai ba. Haka nan matasan da ke ɓoye makami a cikin ayari, ko masu sukuwa a lungun da yara ke wasa, su ne suke ba hukuma hujjar hana abin gaba ɗaya, kamar yadda aka sha hana tashe a Kano, sai laifin mutum goma ya shafi gari guda.

Abin da nake ganin za mu iya yi bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai mun jira Abuja ko Dutse ba. Masu dawaki na kowace gunduma su haɗa ƙungiya mai shugaba da asusu, yadda manoma suke haɗa gayya, su san doki nawa ke ƙasarsu da mai sana'a nawa ya rage, su kuma fitar da dattawan da za su tsare tarbiyyar ayari ranar hawa. Kuɗin da ƙaramar hukuma ke kashewa wajen rumfuna da kujerun manyan baƙi, a yanki wani abu a ciki a riƙa biyan baduku da maƙeri da mabushi ladan koyarwa, da sharaɗin kowannensu ya zaunar da yaro biyu ko uku. A ba mata masu saƙa da ɗinkin jalala nasu kason, a kuma gayyaci Fulanin ruga da sauran mazauna gari su shigo da nasu ayarin, kada su tsaya a gefen hanya kamar baƙi. Lokacin wannan magana kuwa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida kuma harawa ke da araha, domin lifidi ɗaya yana cin makonni a hannun dattijon da idonsa ya raunana, kuma idan aka bari sai azumi ya kama, ba zai gama ko guda ba kafin sallah.